Motar da Muka Haɗa a Tsakar Gida

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, har jikoki sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in faɗa kan wanda nake nema, amma ranar da motar Alhaji Bawa ta tashi a tsakar gidan nan, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuke aiki a garejin nan yanzu kun sha tambayata yadda aka yi mace ta san cikin inji alhali ba ta taka ƙofar lakkol, wato makarantar boko, ba. To, ga yadda aka yi. Wanda ke rubutawa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini.

Zamanin Nasara ne, bayan yaƙinsu na biyu da ƴan shekaru. An daina kamun mutane aikin dole, amma kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, yana nan a bariki. Motocin garin nan na Magarya a lokacin ba wasu masu yawa ba ne. Akwai ta kumandan, akwai manyan kamiyo da ke zuwa da kaka su kwashi gyaɗa su yi Kano da ita. Idan mota ta mutu, ko dai a jira makanisiye daga Damagaram, ko a bar ta inda ta tsaya kaji su riƙa ƙwai a ciki.

Maigidana ya yi soja. Ya fito da muƙamin kafaran, wato sama da soja zalla, ƙasa da sarjan. Sunan ya bi shi har kabari, ni ma da shi zan kira shi, don a tarbiyyarmu ba a faɗin sunan miji. A can soja wajen gyaran motoci aka sa shi, ya dawo gida da akwatin kile, wato sifanonin kwance ƙusa, da hannu mai sanin ƙarfe. Amma ba shi da gareji, ba shi da mai taya shi, kuma ba wanda ya yarda ya ba shi mota. Cewa ake yi wanda ya riƙe wa Nasara kile ba lalle ne ya iya ba. Haka ya koma noma tare da mahaifinsa, wanda muke ce wa Baba Malam, akwatin kuwa yana ƙarƙashin gado.

Ni ƴar baduku ce daga Dungas. Tun kafin a kawo ni gidan nan na iya yankan fata da ɗinkinta, kuma ban taɓa ɗinka abu ya warware ba.

Alhaji Bawa mai awon gyaɗa ne. Wani Nasara ɗan kasuwa da ya tashi ya bar wata tsohuwar mota a bayan kantinsa, irin mai rumfar yadi, wadda ake tayarwa da ƙarfen murɗawa daga gaba, shi ne muke ce wa maniwel. Ta yi damina a kan damina a wurin. Gara ta cinye katakon jikinta, awaki sun cinye rumfar, tayun sun nutse cikin rairayi. Alhaji ya karɓe ta ba tare da ya san yadda zai yi da ita ba. Kafaran ya je har ƙofar gidansa ya ce a ba shi ya gwada, zai mai da ita mai ɗaukar kaya.

A lokacin akwai ƙa'ida. Kowace shekara kafin a buɗe cinikin gyaɗa, wani Nasara yakan zo daga Damagaram ya duba motoci a gaban bariki. Yakan taka birki, ya duba fitilu, ya saurari inji, sa'an nan ya ba da takarda. Motar da ba ta da takardar nan ba ta ɗaukar kaya a kan hanya, wanda kuma ranar ta wuce shi sai baɗi. Alhaji ya ce idan motar ta je gaban bariki da ƙafarta a ranar, shi da kansa zai bi ƴan kasuwa ya ce ga makanisiye a Magarya. Idan ba ta je ba, zai sa a ja ta zuwa Kano, kuma zai faɗi dalili ga duk wanda ya tambaya. Suka yi musafaha a kan haka.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ni kaɗai ce hannun da Kafaran yake da shi. Matar aure kuwa ba ta zama a ƙofar gida cikin maza tana wankin ƙarfe. Saboda haka maimakon a kai ni wajen mota, sai aka kawo mota wajena. Ya wargaza ta a can bayan kanti, aka riƙa shigo da ita gunduwa-gunduwa ta zaure. Injin a kan itace aka ɗauko shi, maza na nishi. Ƙarfen gindi, wanda ake ce wa shasi, bai shiga zaure ba, da igiya aka haura da shi ta kan katanga. Baba Malam yana zaune a kan buzunsa yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne kada mai ya taɓa masa wurin alwala.

Aikina kashi-kashi ne. Da farko wanki: kowane ƙarfe sai na jiƙa shi cikin kananzir, in goge da toka da ɓawon gero, in shanya a kan tabarma yadda aka ciro shi, na dama a dama, na hagu a hagu, don kada a rikice wajen mayarwa. Sai yankan juwan, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ko ruwa ya zuba. Babu inda za ka saye ta a garin nan a lokacin. Nakan shafa baƙin tukunya a fuskar ƙarfen, in danna a kan fata ko kwali mai kauri, in bi sawun da wuƙar ubana. Sai niƙan supap, ƴan murafen nan da ke buɗewa suna rufewa a cikin inji. Idan ba su zauna daram ba, inji ba ya da ƙarfi. Ana shafa musu garin dutse da mai, a kama su da ɗan sanda, a yi ta murzawa tsakanin tafin hannu kamar mai burga miya. Kafaran ya gwada, ya ce hannunsa ya yi nauyi. Ni kuwa tun ina yarinya nake burga miya. Kujeru da rumfa kuma ba sai na faɗa ba, wannan gadona ne.

Tun ana shuka muke abu ɗaya har aka yi girbi. Mota ta riƙa girma a tsakar gida. Aka ɗora inji a kan shasi, aka sa tayu, kafinta ya shigo ya yi mata akwatin katako a baya. Sai ga ta tsaye, ta cika wuri, sai an raɓa ta ake zuwa madafa.

Yanzu ku ji yadda gidan yake a lokacin. Gabas akwai zaure da ɗakin Baba Malam, da ɗan masallacin unguwa manne da su, bayansu kuma lungu ne da jaki mai kaya ma da ƙyar yake wucewa. Arewa gidan maƙwabta. Kudu rumbunanmu, an cika su da sabon gero, bayansu ma gidan wasu ne. Yamma kuwa ɗakina ne, daga gefensa sai wata ƴar katanga zalla har kusurwa, bayanta fili ne inda ake ɗaure jakai ran kasuwa. Duk mai ido ya san ta nan mota za ta fita. Tun ranar farko abin da Kafaran ya ƙudurta ke nan. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne, katangar ƙasa ce, a fasa yau a mayar gobe.

Abin da bai sani ba shi ne, ɗansa na fari yana kwance a gindin katangar.

Da ciki ya bar ni lokacin da aka ɗauke shi soja. Na haihu, namiji, bai kai ranar suna ba ya koma. Jaririn da bai kai suna ba ba a kai shi maƙabarta a wurinmu, a cikin gida ake sa shi, kusa da ɗakin uwarsa. Baba Malam ne ya haƙa da hannunsa ya sa shi. Uwar mijina da ungozoma suna wurin, kuma duk sun rasu kafin Kafaran ya dawo. Shi an gaya masa ta bakin wani soja cewa an haihu an koma, iyakar abin da ya sani ke nan. Ba tudu, ba alama, ƙasa ce kamar ko'ina. Mu biyu kaɗai muka san wurin, ni da tsohon.

Za ku ce me ya hana a faɗa masa. Ku ƴan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari ku yi ta kiran sunansa a gaban iyaye. Mu a zamaninmu mace ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan ya mutu ba ta kuka a ji. Uba ma haka, ba ya tambayar mahaifinsa labarin ɗansa na fari. Ga kuma kunyar suruki. Shekarun da na yi a gidan, ban taɓa haɗa ido da Baba Malam ba. Gaisuwa daga nesa nake durƙusawa in yi, shi ma ta bayan wani yake aiko mini da magana. To, mutum biyu da suka san wurin ba su iya magana da juna, na ukun da ya kamata ya sani ba ya iya tambaya. Ina ganin motar tana girma, ina auna ta da ido ina auna katangar, sai in ce wa raina ai tsohon zai hana, Kafaran zai samo wata hanya.

Ana gobe Nasaran zai duba motoci, da hantsi, muka zuba mai da ruwa da isansi, wato fetur. Kafaran ya kama maniwel. Ya murɗa, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta harbe shi a hannu. Ya ce in riƙe wata ƴar waya in ja a hankali idan na ji ta kama. Ya murɗa kuma, sai ta ɗauka. Gidan duk ya ɗau rawa, kaji suka haye rumbu, yara suka cika kan katangu. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta don in ga ko juwan ɗina na zuba. Ko ɗigo babu.

Ya bar ta ta yi zafi, ya kashe, ya aika a kira Tanko magini. Tanko taubashinsa ne, ɗan ƙanwar Baba Malam, tsakaninsu ba a magana sai da tsiya. Ya shigo da diga da igiyar awo, ya zagaya motar, ya ce shi dai ya ɗauka a soja ana koya wa mutum cewa mota ba ta da fiffike. Ni kuma ya ce mini in shirya, idan motar ta fita shi zai sace ni a ciki, don matar da ta iya tayar da mataccen ƙarfe ta fi ƙarfin Kafaran. Na ce ya fara koyon gina bangon da ba ya karkata tukuna.

Ya auna faɗin motar da igiya, ya ɗaura ƙulli, ya nufi katangar yamma. Igiyar ta shiga har da saura. Yana ɗaga diga ke nan sai Baba Malam ya fito daga zaure da buzunsa a hannu. Bai yi sauri ba. Ya zo ya shimfiɗa buzun a gindin katangar, ɗan gefe da wurin, ya zauna, ya ciro carbi.

"Ba a fasa nan," ya ce.

Kafaran ya durƙusa a gabansa. "Baba, ƙasa ce fa. Tanko zai mai da ita kafin Juma'a, har ta fi da kyau."

"Na ji. Ba a fasa nan."

Kafaran ya tambaye shi dalili, tsohon ya ci gaba da jan carbi. Ya yi masa bayanin Nasaran Damagaram da takarda da alkawarin Alhaji, abin da duk tsohon ya riga ya sani. Tanko ya sa baki da wasa, ya ce ko kawu ya binne tukunyar dukiya ce a wurin a faɗa masa a raba da shi. Ba wanda ya yi dariya. Ni ina ƙofar ɗakina ina goge kile, ina goge wanda na riga na goge.

Daga nan aka shiga neman wata hanya. Tanko ya kai igiyarsa gabas, ya dawo ya ce ko an rushe zaure motar ba za ta juya a lungun ba, kuma masallaci ba abin taɓawa ba ne. Aka je wajen maƙwabcin arewa, ya ce bayan katangarsa ɗakunan matansa ne. Rumbuna kuwa, ko an kwashe geron an ture su, gidan wasu za a faɗa. Wani ya ce a tara ƙarti a ɗaga ta a haura da ita yadda aka shigo da shasin. Kafaran ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗaga inji ba. Saura a sake wargaza ta a fitar gunduwa-gunduwa a haɗa a waje. Wannan aikin ba na yini ba ne, kuma duk juwan da aka ɗaure aka kwance ya mutu, sai sabo.

Da azahar Alhaji Bawa ya zo, aka yi masa iso. Ya ga motarsa tsaye da kujeru sababbi, ya shafa, ya ji daɗi, sa'an nan aka gaya masa halin da ake ciki. Mutum ne mai ladabi. Ya tsuguna ya gaida Baba Malam, ya ce shi zai ɗauki nauyin ginin, har ya ƙara da shafe. Tsohon ya yi masa godiya ya ce ba a fasa nan. Alhaji ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ja Kafaran gefe, amma ina jinsu. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗa da uba, sai dai motar da ke cikin gida da wadda ke bayan kanti duk ɗaya ne a wurinsa, gobe da hantsi yana gaban bariki. Ya fita.

A waje labari ya riga ya zagaya. Ina jin mutane a fili suna cewa Kafaran ya gina mota ya manta da ƙofa.

Ban taɓa ganin Kafaran ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma abin da ya faɗa ya fi ɗaga murya. Ya ce tun da ya dawo daga soja yake neman ranar da za a san ya iya wani abu, ga ta ta zo, mahaifinsa ya zauna a kanta. Ya ce idan tsohon ba ya son sana'ar ne, da ya faɗa tun ranar da aka shigo da ƙarfen farko. Ya ce idan gobe ta wuce shi ba zai iya zama a garin ba, Kano zai tafi ya yi wa wasu yaron mota. Sai ya karɓi digar daga hannun Tanko ya tsaya da ita.

Na dubi tsohon ta gefen ido. Hannunsa ya daina jan carbin. Na san ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai ɗa ya sari katanga a kan mahaifinsa, abin da ba a wanke shi har abada, ko tsohon ya gaji ya tashi, tayun motar da na wanke da hannuna su bi ta kan yaron.

Na ajiye kilen na shiga ɗaki. Ɗakin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Soro ne mai azara, Kafaran ya gina mini shi da ya dawo, a gurbin tsohon ɗakina na ciyawa. Duk unguwar ni kaɗai ce mace mai soro. Akwai gadon ƙasa mai wurin wuta a ƙarƙashi, ga jerena na ƙorai da tasoshi har kusa da rufi. Bangonsa na baya shi ne katangar gida, bayansa filin nan ne dai.

Na fara da ƙorai. Na sauko da su na fito na kife a kan tabarma. Na koma na ɗauko tasoshi. Sai akwatin tufafi, sai tabarmi, sai tulu. Sun ɗauka fushi na yi zan tafi gidanmu. Da na fito da na ƙarshe sai na tsaya a bayan motar, inda tsohon ba zai ga fuskata ba, na kira Tanko.

"Kawo igiyar nan taka ka auna ɗakina."

Ya dube ni ya dubi Kafaran. Ya shiga ya auna daga bango zuwa bango, ya fito ya ce za ta shiga, da ƙyar, amma sai an sauke rufin duka, don idan aka cire bangon gaba da na baya azara ba ta da abin riƙewa. Gadon ma sai ya tafi.

Kafaran ya zo kusa da ni, digar na hannunsa. "Kin san abin da kike faɗa? Ga katanga zalla a tsaye, a rushe soro?"

"Ɗakina ne, ni na bayar. Motar ma da hannuna a cikinta, ina so in ga ta fita."

Ya ce wannan hauka ne, gidan nan kowa ya haukace yau. Sai Baba Malam ya yi gyaran murya. Bai juyo wajena ba, Tanko ya duba.

"Yi yadda ta ce," ya ce. Ya ƙara da cewa, "Allah ya yi wa ƴar mutane albarka."

Ita ce magana mafi kusa da ya taɓa yi mini a rayuwarsa.

Tanko ya tara ma'aikatansa. Ƙa'idar rushe soro daga sama ake farawa. Aka kankare ƙasar rufi, aka zare azara ɗaya bayan ɗaya aka jingine, don ita ce mai wuyar samu. Kafin magariba an sauke bangon gaba. Ni da ƙananan yarana a rumfar madafa muka kwana. Da aka yi sallar asuba suka fasa gadon da bangon baya, suka baje ƙasar, aka yayyafa ruwa aka daddaɓe don kada tayu su nutse. Tsohon bai bar buzunsa ba sai don salla.

Rana ta ɗan ɗaga Kafaran ya murɗa maniwel, ta tashi a karon farko. Ya shiga, Tanko yana gaba yana yi masa hannu. Ta bi ta inda nake ajiye tulu, ta taka inda gadona yake, gefen akwatin ya kankari bango kaɗan, sai ga ta a fili. Jakai suka tsinke igiya, yara suka bi ta da gudu. Ni ban bi ta da kallo ba, akwai kaya a tsakar gida da ke jiran a kwashe.

Abin da ya faru a bariki ji na yi. An ce Nasaran ya taka birki, ya ce fitila ɗaya ba ta da haske sosai a gyara, ya ba da takarda. Alhaji ya cika maganarsa. Kafin a rufe ciniki a shekarar an kawo mana kamiyo har daga Bande.

Da la'asar Kafaran ya dawo a ƙafa. Ya shigo ta inda motar ta fita, fuskarsa ba yabo ba fallasa, don har lokacin yana ganin an yi masa asarar soro a banza. Baba Malam ya kira shi da hannu zuwa gindin katangar. Ina wankin kile cikin kananzir, ba nisa. Tsohon ya nuna ƙasa da carbinsa.

"Ɗanka na fari yana nan. Ni na sa shi."

Kafaran ya daɗe a tsaye. Sai ya tsuguna, suka ɗaga hannu su biyu suka yi addu'a suka shafa. Tsohon ya naɗe buzunsa ya koma zaure.

Kafaran kuma ya zo ya tsuguna a gaban tasar kananzir, ya ɗauki kile ɗaya yana gogewa. Can ya ce, a hankali, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Na ce, "Da wane baki?"

Bai sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba, har ya bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba.

Da Tanko ya zo mayar da ginin, Kafaran ya ce a bar wurin a buɗe a sa masa ƙyaure. Bayan an ci geron rumbu ɗaya aka ture shi aka gina mini wani ɗakin a kudu. Bai kai na farkon kyau ba, Tanko ne ya gina. Ƙofar nan da kuke shigo da motoci ta cikinta kullum, ɗakina ce. Kafaran ya kuma sa aka ja ƴar guntuwar katanga a kusurwa, don kada wata mota ta yi baya ta hau wurin.

Abin da na koya a ranar, kuma na riƙe shi duk shekarun da na yi ina aikin nan, bai wuce wannan ba. Makanisiye yakan san ƙarfe ciki da waje, ya auna kome da igiya, ya manta cewa gidan da yake aiki a ciki ya riga motar zuwa. Kafin ka kwance ƙusa ta farko a gidan mutane, tambayi ta inda za ka fita, kuma ka tambayi mafi tsufa a gidan da matar da ke ciki, ba mai motar kaɗai ba. Idan wani ya ce maka a'a ya ƙi faɗin dalili, kada ka yi saurin cewa taurin kai ne. Sau da yawa dalilin yana nan, faɗinsa ne ba ya yiwuwa.

Guntuwar katangar nan ita ce wadda na ga kun jingine tsofaffin tayu a jikinta tun makon jiya. Wanku ne a wurin, ko in ce babanku. Ku tashi ku kwashe su.